Sabulun Nonon Akuya: Ƙaramar Masana'antar Da Ribarta Ke Kan Awo Da Sanyi

Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa a shekarar 2020 Nijeriya tana da awaki fiye da miliyan 80, adadin da ya sa ta a sahun gaba a Afirka. Sai dai akasarin amfanin da ake samu daga wannan dukiya nama ne da fata, musamman fatar jar akuyar Sakkwato wadda ta yi suna a kasuwannin duniya. Nonon kuwa ba safai yake shiga kasuwa ba, domin akuyar gida kaɗan take bayarwa, kuma a zafin ƙasar nan yakan lalace cikin 'yan sa'o'i.

Sarrafa nonon ya zama sabulu hanya ce ta mayar da abin da ba ya kwana ya zama hajar da za ta yi watanni a kan kanta. Jarin kayan aiki ba shi da yawa, amma kuskure kaɗan wajen awo ko zafi yana iya jawo asarar kayan haɗi baki ɗaya.

Ko wane sabulu ana samun sa ne daga haɗuwar mai da sinadari mai kaifi. Masu yin sabulun salo ruwan toka suke amfani da shi, su dafa a kan wuta. A tsarin haɗin sanyi kuwa kostik soda ake sawa, ba a kuma ɗora tukunya a wuta, domin zafin da haɗin yake tayarwa da kansa ya isa ya kammala aikin. Sinadarin gilisarin da ke fitowa daga man yana zama cikin sabulun, saɓanin manyan masana'antu da sukan cire shi su sayar daban. Shi ne ke taimaka wa fata ta riƙe danshi.

Nonon akuya yana maye gurbin ruwan da ake narkar da soda a ciki. Kusan kashi 87 cikin ɗari na nonon ruwa ne, kimanin kashi 4 mai ne, kimanin kashi 4 kuma sukari. Man yana ƙara wa sabulun laushi, sukarin yana ƙara kumfa. Amma sukarin nan shi ne tushen matsala, domin soda tana ɗumama ruwa ƙwarai idan ta narke, zafin kuma yakan ƙona sukarin, sabulu ya fito ruwan ƙasa da wari. Saboda haka ake daskarar da nonon ya zama ƙanƙara tukuna, a riƙa barbaɗa soda kaɗan-kaɗan ana juyawa, kwanon yana zaune cikin ruwan sanyi, ba tare da zafin ya wuce digiri 30 ba.

Wannan ya sa wutar lantarki ta shiga lissafin jari. Wanda ba shi da firiji mai aiki sosai dole ya sa kuɗin ƙanƙara ko na man janareto cikin farashin ko wane sandan sabulu.

Batun awo ya fi kome muhimmanci, domin ko wane mai yana da adadin sodar da yake ci. Kilo 1 na man alayyadi yana bukatar kimanin giram 176, na man gyaɗa kimanin giram 137, na man kaɗanya kimanin giram 128. Alal misali, idan aka haɗa giram 400 na alayyadi da giram 300 na man kaɗanya da giram 300 na man gyaɗa, lissafi zai ba da soda giram 150. Akan rage kashi 5 cikin ɗari don ɗan mai ya saura a sabulun, wato a auna giram 142, a narkar cikin nono giram 330. Wannan haɗi yakan ba da sanduna kimanin 13 masu nauyin giram 100. Awon gwangwani ko cokali ba ya aiki a nan, sai sikeli mai nuna giram. Idan soda ta yi yawa sabulu zai ci fatar mai saye, idan ta gaza zai yi taushi ya yi saurin warin tsohon mai.

Bayan an tace haɗin nono da soda, sai a zuba shi cikin narkakken man da ya huce, a yi ta juyawa har ya yi kauri kamar kunu. Daga nan a juye cikin akwatin katako da aka shimfiɗa wa leda, a ajiye a wuri mai sanyi. Bayan kwana 2 ko 3 a yanka, a jera a inuwa inda iska ke ratsawa har mako 4 zuwa 6. Wajibi ne ɗan kasuwa ya san cewa jarinsa zai kwanta tsawon wannan lokaci, kuma da damina bushewar takan fi jinkiri fiye da lokacin hunturu. Wanda ya yi gaggawar kai ɗanyen sabulu kasuwa, zai narke a hannun mai saye, ciniki na biyu kuma ya kuɓuce masa.

Haka kuma kostik soda tana ƙona fata, tana iya makantarwa. Ana bukatar safar hannu da tabarau da wuri mai iska, nesa da yara. Soda ake zubawa cikin nono, ba a zuba nono a kan soda. Ba a amfani da tukunyar alminiyam domin soda tana cin ta, sai roba mai kauri ko ƙarfen da ba ya tsatsa. Idan ta taɓa jiki, a wanke da ruwa mai yawa na aƙalla minti 15.

Ta fuskar doka, sabulu yana cikin kayan kwalliyar da hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, take sa wa ido, kuma sai da rajistarta ake sayar da shi a fili. Kafin nan akwai rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC. Ya kamata takardar jikin sabulu ta nuna kayan haɗi da nauyi da ranar yi, a kuma guji da'awar cewa yana warkar da cutar fata ko yana sa fari, domin sabulun wanka ba magani ba ne.

Ga mai sha'awar shiga sana'ar, abin da ya fi dacewa shi ne ya fara da kilo 1 na mai, ya rubuta ko wane awo da kuɗin da ya kashe, ya kuma ƙulla yarjejeniya da masu kiwo na kusa da za su riƙa kawo masa sabon nono, kafin ya ƙara jari.