Labarin Tutar Takarda ta Yaran Yahudawa

Jama'a masu karatu, assalamu alaikum. Duk wanda ya haifi 'ya'ya a nan Kurmi, ko a Agege yake, ko a Sabo ta Badun, ko a Fatakwal, ya san wata damuwa da kan hana magidanci barci, watau yadda yaro zai tashi da addininsa da al'adar iyayensa a garin da ba nasu ba. To, ba a kanmu aka fara wannan damuwa ba. Yau za mu kawo muku labarin Yahudawan Turai, waɗanda suka yi shekaru aru-aru suna zaman baƙunci a ƙasashen mutane, da kuma wata 'yar dabara da suka yi don jawo hankalin 'ya'yansu. Dabarar kuwa ita ce tutar takarda a jikin ɗan tsinke, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Kafin mu zo kan tutar, sai mu fara da ranar da ake ɗaukarta. Yahudawa sun kasa littattafai biyar na Attaura kashi 54, suna karanta kashi ɗaya ko biyu kowace Asabar a majami'arsu, har su sauke cikin shekara guda. Ranar saukar ita ake kira Simhat Tora da Ibrananci, watau Murnar Attaura. Takan zo ne da ƙarewar Idin Bukkoki, cikin watansu na Tishri, wanda kan faɗo a Satumba ko Oktoba. A Isra'ila ana yi ran 22 ga watan, a sauran ƙasashe kuwa yawanci ran 23. A wannan rana sukan karanta ƙarshen littafi na biyar, inda aka ba da labarin rasuwar Annabi Musa, sa'an nan nan take su koma farkon littafi na ɗaya, inda aka fara da halittar duniya. Manufarsu ita ce kada a ce an taɓa rufe karatu ko da na yini ɗaya.

Attaurar da suke karantawa a majami'a rubutun hannu ce a kan fata, a naɗe a jikin sanduna biyu. Daren idin da safiyarsa sai a fito da dukan naɗaɗɗun littattafan daga ma'ajiyarsu, manya su rungume su, a kewaya dakalin karatu sau bakwai ana waƙa ana rawa. Littafin yana da nauyi, yana kuma da alfarma, ba a ba ƙaramin yaro. Amma in aka bar yaro hannu rabbana sai ya zama ɗan kallo. Saboda haka aka ba shi tuta, ya shiga sahun manya yana kaɗa ta. Bayan wannan kuma akan tara yara duka a ƙarƙashin babban mayafin addu'a, a sa musu albarka, a raba musu alewa.

Magana mafi tsufa da masana suka samu a rubuce game da wannan tuta ta fito ne daga birnin Amstadam na ƙasar Holan, cikin shekarar 1672. Yahudawan da suka rubuta ta baƙi ne daga Folan, waɗanda yaƙe-yaƙe da kashe-kashen da suka soma a 1648 suka koro daga gida. Shugabanninsu sun kafa doka a kan tutocin yara, domin suna tsoron kyandir ɗin da ake kunnawa a kansu ya ta da gobara. Kun ga ke nan al'adar ta girmi wannan shekara, kuma a cikin kayan gudun hijira aka zo da ita. Daga baya, cikin 1748, wani limamin Kirista Bajamushe mai suna Bodenschatz ya wallafa littafi kan al'adun Yahudawa, ya bayyana yadda ya san yara na tafiya a jere kamar soja, riƙe da tutoci masu sunayen kabilun Banu Isra'ila.

Wannan batu na kabilu shi ne tushen ma'anar tutar. A cikin littafi na huɗu na Attaura an faɗi yadda kabilu 12 suke yada zango a hamada bayan fitowarsu daga Masar, kowa kusa da tutarsa. An raba su sansani huɗu, kabila uku-uku: Yahuza a gabas, Ra'ubainu a kudu, Ifraimu a yamma, Dan a arewa, Alfarwar ibada kuwa tana tsakiya. Malamansu na da sun ƙara bayani cewa kowace kabila da launinta da tambarinta. Ta Yahuza zaki, ta Zabaluna jirgin ruwa, ta Dan maciji, ta Biliyaminu kyarkeci. Don haka in yaro ya ɗaga tutarsa yana kewaya Attaura, ana nuna masa cewa shi ma yana da wuri a wannan zango, ko da kuwa a wani lungun Warso aka haife shi.

Bisa kan tsinken akan soka tuffa, a ƙwaƙule tsakiyarta a kafa kyandir. Wasu sun ce zaƙin tuffa zaƙin karatu ne, hasken kyandir kuwa hasken Attaura. Ko ma mene ne, takarda da wuta ba su shiri. Wani mashahurin marubucin harshen Yidish, wanda aka haifa a Yukren a 1859 ya rasu a Niyok a 1916, ya yi labari a kan haka. Sunan da yake rubutu da shi Sholem Aleikem, wanda ma'anarsa daidai take da sallamar da muka buɗe wannan shafi da ita. Labarin na wani ɗan talaka ne da ya daɗe yana burin tuta, ya samu da ƙyar, ya shiga majami'a yana taƙama, sai wani yaro ya sa mata wuta ta ƙone ƙurmus. Duk wanda ya taɓa zuwa Idi da tsohuwar riga ya san abin da yaron nan ya ji.

Tutocin da suka fi tsufa cikin waɗanda suka rage a duniya na ƙarni na 19 ne, daga Gabashin Turai. Da fari akan sassaƙa zane a jikin katako, a shafa tawada, a danna takarda a kai. Da injin ɗab'i mai launi ya yawaita, sai masu buga littattafai a birane kamar Warso da Bilna suka riƙa fitar da su da yawa. A tsakiyar tutar akan zana ma'ajiyar Attaura, wani lokaci har da 'yan ƙyamare na takarda da yaro zai buɗe ya ga littattafan a ciki. A gefe kuma ga zaki da barewa da gaggafa da damisa. Waɗannan dabbobi huɗu sun fito ne daga wata tsohuwar nasihar malamansu, wadda ta kwatanta ƙarfi da sauri da sauƙin jiki da ƙarfin halin da ake so ga mai bautar Ubangiji. Wasu tutocin har da siffar da suka ce ta Musa da Haruna da Dauda ce, abin da mu Musulmi ba ma yi.

Dalilin ƙarancin tsofaffin tutocin a fili yake. Abin wasan yini ɗaya ne, gari na wayewa an yar. Ga kuma bala'in Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, lokacin da 'yan Nazi suka hallaka Yahudawa wajen miliyan 6, cikinsu har da yara fiye da miliyan ɗaya. Garuruwan da ake buga tutocin da masu ɗaukarsu duk suka tafi tare. Shi ya sa yau takardar da da ake sharewa da tsintsiya ta zama abin ajiyewa a gidajen tarihi, har wani shehun malami na Jami'ar Ibrananci ta Birnin Ƙudus, Shalom Sabar, ya yi dogon nazari a kanta.

Abin da ya fi ɗaukar hankali a nazarin shi ne yadda zanen ke sauyawa da sauyin zamani. Bayan taron farko na 'yan Sahayoniya a birnin Basel cikin 1897, sai hoton shugabansu Herzl da tauraro mai tsini shida suka soma bayyana kusa da zaki da barewa. Da aka kafa Isra'ila a 1948, shekarar da Falasɗinawa kimanin 700,000 suka rasa gidajensu, sai tutar ƙasa mai fari da shuɗi ta shigo cikin zanen. Bayan Yaƙin Kwana Shida na watan Yuni 1967, lokacin da Isra'ila ta kame gabashin Birnin Ƙudus da Yammacin Kogin Jodan da Gaza da Sina'i da Tuddan Golan, sai ga hotunan soja da tankokin yaƙi da Moshe Dayan da Yitzhak Rabin a hannun yara, a cikin ɗakin ibada. Bayan yaƙin Oktoba na 1973 wannan yayi ya ja baya sannu a hankali. Daga nan kowace ƙungiya ta kama gabanta. Masu tsananin riƙo da addini suna buga hotunan manyan malamansu da yara maza zalla, masu sassauci kuwa, musamman a Amurka, suna zana 'yan mata rungume da Attaura.

Har ila yau ranar ta ƙara ɗaukar wani nauyi, domin harin da Hamas ta kai ran 7 ga Oktoba 2023 ya faɗo daidai ranar wannan idi a Isra'ila. An kashe mutum kimanin 1,200, yaƙin da ya biyo baya kuma ya ci rayukan dubun dubatar Falasɗinawa a Gaza, da yawansu yara ƙanana.

To jama'a, me za mu tsinta a nan? Abu na farko, mutanen nan sun gane cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wa'azi kaɗai ba ya riƙe yaro, sai an ba shi abin da zai kama da hannunsa a ranar farin ciki. Mu ma iyayenmu sun san haka. Shi ya sa ran saukar Alƙur'ani ake yi wa yaro allon zayyana, a sa masa sababbin tufafi, a zaga da shi gidajen dangi. Sai mu tambayi kanmu, mu da ke zaune a Ikko da Anaca da Inugu, yaushe rabon da mu yi wa ɗanmu wannan gata?

Abu na biyu kuwa ya fi nauyi. Yaro ba shi ke zaɓen abin da za a zana a tutarsa ba, babba ne ke zaɓa masa. In an zana littafi zai ɗaga, in an zana tankar yaƙi ma zai ɗaga, da murna iri ɗaya. Alhakin yana wuyan wanda ya miƙa masa. Saboda haka kowane uba da kowace uwa su duba da kyau abin da suke danƙa wa 'ya'yansu, a hannu ko a kunne, game da addininsu da kuma maƙwabtan da suke zaune tare. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba mu zaman lafiya a inda muke neman abinci, amin. Sai mun sadu a mako mai zuwa.