Tsofaffin Biranen Fatauci da Masu Cewa Babu Abin Gani a Cikinsu

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ma'aikata da 'yan kasuwa da ɗalibai duk sa'ad da hutu ya ƙarato, wato cewa tsofaffin birane irin su Kano da Katsina da Damagaram da Agadas ba su da abin kallo sai ƙura da lunguna da ginin ƙasa, kuma wai Bature ne kaɗai, don ya rasa abin yi da kuɗinsa, zai hau jirgi ya zo ganin kango. Abin takaicin shi ne, da yawa daga masu wannan magana su ne ke tara kuɗin shekara su tafi Dubai, a can kuma a kai su tsohuwar unguwar Al Fahidi su wuni suna ɗaukar hoto a jikin bango, alhali unguwar ba ta kai shekara 150 da kafuwa ba, kasuwar Kurmi ta Kano da suka baro a gida kuwa ta haura shekara 500 tana ci. Yawon buɗe ido dai tafiya ce da mutum ke yi ba don ciniki ko jinya ko neman aiki ba, sai don ya gani ya sani, birnin fatauci kuwa shi ne garin da ayari ke sauka a sauke kaya a ɗauki wasu, kuma wannan ya isa bayani.

Kuskuren da ke ƙarƙashin waccan magana shi ne ɗaukar ginin ƙasa a matsayin shaidar talauci, wanda kuma tarihi ya ƙaryata ƙarara, domin waɗannan birane dukiya ce ta gina su. An kafa kasuwar Kurmi a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya faɗaɗa ganuwar da aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar da gari mai masaƙa da marina da majema wanda tufafinsa ke kaiwa har Timbuktu da Tarabulus, ya kuma ƙiyasta darajar tufafin da ake fitarwa daga garin a shekara da kimanin wuri miliyan 300, wuri kuwa shi ne kuɗin da ake ciniki da shi a wancan zamani. Fatar jar akuya da aka jeme a ƙasar Hausa ita ce raƙuma ke ƙetare hamada da ita, a sayar a Turai da sunan fatar Maroko, don ta tashoshin Arewacin Afirka take bi. Mutanen da suka riƙe ciniki mai wannan girma ba rashin kuɗi ya sa suka yi gini da ƙasa ba. Sun yi ne don ita ce ta dace da zafin ƙasarsu, kuma suna da gwanayen da suka san sirrinta.

Wanda ya tsaya ya dubi soro guda da idon basira zai ga wannan gwaninta. Ana ɗora bango da tubali, wato curin ƙasa da ake mulmulawa da hannu a shanya a rana, a yi shi da kauri daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama, shi ya sa ɗaki ke yin sanyi da tsakar rana ya riƙe ɗumi da dare a lokacin hunturu. Rufin kuma da azara ake yi, wato tsagin itacen giginya wanda gara ba ta cika cinsa ba, kuma idan ɗakin yana da faɗi sai a ɗaure azarar a lanƙwasa ta ta zama bakan gizo mai ɗauke da nauyin rufin ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba, irin aikin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙarshensa a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Don kada ruwan damina ya ci bangon, sai a shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsi, wato guiɓin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini, da gashin jima da dafara. Sharar marini da ta majemi ita ce sumuntin magini, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda sana'o'in birni suka sarƙe da juna.

Sunayen unguwanni ma littafi ne ga mai son karatu. A Kano, Agadasawa da Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Ayagi kowace tana faɗin daga inda baƙin da suka zauna cikinta suka fito, kuma a marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, har yau ana jiƙa baba da toka da kanwa a rijiya, marini ya tsoma zane ya ɗaga ya bar iska ta buge shi, launin ya juya daga kore-kore zuwa shuɗi a gaban idon mai kallo, ya sake tsomawa har ya kai duhun da ake so. A Agadas, wadda hukumar UNESCO ta sa tsohon garinta cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, hasumiyar babban masallaci mai tsawon mita 27 da ƙasa zalla aka gina ta, itatuwan da ke leƙowa daga jikinta kuwa su ne matakalar masu yaɓe, kuma daga yankin ne ayarin raƙuma ke ratsa hamadar Tenere zuwa Balma ya komo da kantun gishiri. Damagaram tana da Birni da Zango da fadar da ta ga zamanin Sarki Tanimun, ita ce kuma hedikwatar Nijar ta mulkin mallaka har zuwa 1926, Katsina kuwa tana da hasumiyar Gobarau da ƙofofinta.

Can kudu a ƙasar Gonja ta Gana akwai Salaga, inda fataken Hausa ke shafe watanni a hanya ƙarƙashin jagorancin madugu, wato shugaban ayari, su kai kanwa da tufafi da fatu su komo da goro, har yaƙin basasa na 1892 ya watsa kasuwar. Amma ba goro kaɗai aka sayar a Salaga ba, an sayar da bayi masu yawa, kuma wurin kasuwar da rijiyoyin da ake nuna wa baƙi suna nan. Wannan wuri ne na nutsuwa da tunani, ba na dariya da tsayuwar hoto ba, kuma rashin kunya ne mutum ya je can ya yi kamar kakanninsa ba su da hannu a wannan ciniki.

Illar waccan magana ba a baki ta tsaya ba, domin abin da aka raina shi ake rushewa. Ganuwar Kano, wadda ke cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007, an kwashe ƙasarta an yi bulo, an gina shaguna a kanta, an mayar da gindinta juji da wurin fitsari, kuma ba baƙi ne suka yi ba, 'yan gari ne. A Djenne ta ƙasar Mali kuwa kowace shekara gari ne ke fitowa kwansa da kwarkwatarsa a yi wa babban masallaci sabon yaɓe, shi ya sa ginin 1907 yake nan tsaye. Matsalar tsaro da lalacewar hanyoyi da sakacin hukuma su ma suna da nasu kaso a rushewar wuraren tarihinmu.

Wanda ya yi niyyar irin wannan tafiya ya zaɓi lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, domin zagaya lungunan birni da ƙafa a zafin bazara azaba ce, wanda kuma ke son ganin hawan Sallah ya tanadi masauki tun da wuri, ya san cewa a wannan mako kasuwa da marina ba sa cika yin aiki. Ya tambayi halin hanya daga direbobi da 'yan garin kafin ya tashi, ya yi tafiyar rana, ya riƙe takardar shaidarsa da katin rigakafin shawara idan zai ƙetare iyaka, ya kuma haƙura da duk garin da aka ce hanyarsa ba lafiya, don Timbuktu ba za ta gudu ba. Kwana biyu a gari guda ya fi garuruwa biyar a kwana uku, domin wanda ya leƙa daga tagar mota bai ga komai ba. Ya nemi ɗan gari ya yi masa jagora, zai fi kyau dattijo, ya soma da gaida mai unguwa, ya tuna cewa waɗannan unguwanni gidajen mutane ne ba gidan kallo ba, saboda haka ba a wuce zaure sai da sallama da izini, ba a ɗaukar hoton mata da yara da masu ibada ba tare da yardarsu ba, kuma sutura ta zama ta mutunci.

Marini ko maƙeri ko baduku da ya ajiye aikinsa ya yi wa baƙo bayani ya cancanci a sayi kayansa ko a yi masa ihsani, kuma abin kunya ne mutumin da bai taɓa neman ragi a kantin Dubai ba ya zo ya yi ta ja-in-ja da tsoho a kan zanen da ya ci kwanaki ana tsomawa. Kada a rubuta suna a bango, kada a ɓantari ƙasar ganuwa ko ta hasumiya da sunan tsaraba ko tabarruki, kada a bar leda da robar ruwa a inda aka zauna. Masu yara su tafi da su, su kai su Gidan Makama da dutsen Dala a Kano, su bar su su yi tambaya. Idan kuma wani ya jawo baƙo gefe ya nuna masa tsohon littafi rubutun hannu ko takobi ko tambari yana neman sayarwa, to ya kame hannunsa, domin sau da yawa irin waɗannan kaya daga ɗakin wani malami ko wata fada aka zare su ba da sanin magada ba, kuma dokar Nijeriya ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga ƙasar sai da izinin hukumar kula da gidajen tarihi.