Farautar ɓoyayyen abu a sararin samaniya

A yau za mu leƙa ƙasar Faransa ne, inda masana ke farautar wani abu da ido bai taɓa gani ba.

A shekarar 2013 aka bayyana sakamakon binciken tauraron ɗan Adam na Planck a birnin Paris. Sakamakon ya nuna cewa duk abin da muka sani, wato taurari da duniyoyi da mu kanmu, bai wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ke sararin samaniya ba. Kimanin kashi 27 kuwa wani ɓoyayyen abu ne da ba ya fitar da haske.

To yaya aka san da shi? Ku ɗauki misalin majajjawa. Idan aka juya ta da ƙarfi, igiya ce ke riƙe dutsen. A shekarun 1970 wata masaniya 'yar Amurka, Vera Rubin, ta gano cewa taurarin da ke gefen manyan tarin taurari suna gudu fiye da kima, amma ba sa watsewa. Ke nan akwai wani nauyi da ke riƙe su, wanda ba a gani.

Irin wannan lissafi ba baƙo ba ne a Paris. A 1846 Urbain Le Verrier ya lura da karkacewar tafiyar duniyar Uranus, ya yi hasashen inda wata duniya take, aka duba aka sami Neptune. Amma da ya yi irin wannan hasashe game da Mercury, ba a sami komai ba, sai a 1915 Einstein ya nuna cewa ka'idar ce ke buƙatar gyara. Tambayar ke nan a yau: akwai abin, ko kuwa lissafin ne da sauran gyara?

Domin neman amsa, masanan cibiyar IP2I ta Lyon da takwarorinsu sun gudanar da gwajin EDELWEISS a ɗakin bincike na Modane, ƙarƙashin dutse mai kaurin kimanin mita 1,700 kan iyakar Faransa da Italiya. Dutsen na tare burbushin da ke zubowa daga samaniya. A can aka sanyaya gutsattsarin sinadarin jamaniyom zuwa kusan digiri 273 ƙasa da sifiri, ta yadda in ƙwayar ɓoyayyen abin ta bugi sinadarin, za a auna ɗan zafin da ya tashi. Gwajin bai kama ta ba, amma ya rage wuraren da za a ci gaba da lalube.

Ta sama kuma, a ranar 1 ga Yulin 2023 aka harba na'urar hangen nesa ta Euclid, wadda masanan cibiyar nazarin taurari ta Paris suka taka muhimmiyar rawa a aikinta. An tsara ta duba kashi ɗaya cikin uku na sararin samaniya, tana auna yadda nauyin ɓoyayyen abin ke lanƙwasa hasken taurari. Cibiyar kwamfutoci ta CC-IN2P3 da ke Lyon na cikin masu tace bayanan.

To jama'a, a nan za mu dasa aya. Sai mako na gaba idan Allah ya kai mu.