Sandar Kyamara Mai Ƙafa Ɗaya: Wacce Za Mu Saya da Ɗan Kuɗin Kulob?



Duk wanda ya tsaya gaban allon nan bayan hutun Babbar Sallah ya ga hotunan hawan da muka liƙa, ya kuma ji tsiyar da aka yi mana. Wani ɗan aji uku cewa ya yi dawakan kamar aljanu. Ba mu ji haushi ba, don gaskiya ya faɗa. Mun tsaya a Ƙofar Soro tun hantsi har rana ta take, amma da muka zo tacewa, hotunan da suka fito tas ba su cika tafin hannu ba. Sauran duk sun yi dishi-dishi. Da farko mun ɗora wa kyamarar laifi, tsohuwar Canon ɗin nan da tsofaffin ɗalibai suka bar wa kulob. Sai malaminmu mai kula da kulob ya ɗora ta a kan tebur ya ɗauki hoton bishiyar bakin ofis, hoto ya fito garau. Ashe laifin na hannunmu ne.

Ga yadda abin yake. Idan ka danna maɓalli, idon kyamara yakan buɗe na ɗan lokaci ya rufe. Duk motsin da hannunka ya yi a wannan ɗan lokacin, a hoton zai bayyana. In kuma ka jawo abu daga nesa da dogon lens, rawar hannun ma ka jawo ta tare. Shi ya sa masu ɗaukar hoto ke da wata tsohuwar ƙa'ida: lens mai tsawon milimita 300 yana son idon ya buɗe ya rufe cikin kashi ɗaya bisa 300 na daƙiƙa, ko ma ƙasa da haka. Namu lens ɗin 75 zuwa 300 ne. Shi da kyamarar nauyinsu kusan kilo guda. Kilo guda ba komai ba ne, sai ka riƙe shi daidai fuskarka na awa uku cikin rana da turereniya, sannan za ka san yana da nauyi.

Maganin da aka fi sani shi ne sitan mai ƙafa uku, irin wanda masu ɗaukar bidiyon biki ke kafawa. To amma wanda ya taɓa shiga filin Kangiwa ranar hawa ya san babu wurin baza ƙafafu uku. Ko dai wani ya yi tuntuɓe da su, ko dogari ya ce ka kwashe. In kuma dawaki suka zaburo don jahi, kana buƙatar abin da za ka sura da hannu ɗaya ka ja da baya. Nan ne sanda mai ƙafa ɗaya, wadda ake kira monofod, ta fi. Sanda ce da ake zugewa ta yi tsawo, a ɗaura kyamara a kanta. Ita ke ɗaukar nauyin, ta hana motsin sama da ƙasa. Ƙafafunka biyu su ne cikon na ukun.

Kada dai a yi mata zaton abin da ba za ta iya ba. Ba ta tsayawa da kanta. Ka sake ta, kyamara ta sha ƙasa. Ba ta kuma tsayar da dokin da ke sukuwa. Wannan aikin saurin idon kyamara ne, kashi ɗaya bisa 500 ko bisa 1000 na daƙiƙa. Rawar hannunka kawai take ragewa. Hoton taurari da dare kuwa, sai mai ƙafa uku.

To wacce za a saya? Abin da ke asusunmu karo-karo ne na 'yan kulob, in muka yi kuskure sai baɗi. Don haka kwamitinmu ya zauna ya yi tambaya wurin masu hoto na cikin gari, ga kuma abin da muka fahimta.

Abu na farko, kuma wanda aka fi yin sakaci da shi, shi ne notin da ke saman sandar. Kusan kowace kyamara tana da rami a ƙasanta mai faɗin rubu'in inci, kuma ma'aunin ɗaya ne ko Canon ce ko Nikon ko Sony. Akwai wani noti mafi kauri, kashi uku bisa takwas na inci, na manyan kaya. Wasu sandunan suna da noti mai baki biyu da ake juyawa. Mu na rubu'in inci muke so. Amma a duba da kyau: notin da faifan da yake zaune a kai su zama na ƙarfe. Ni na taɓa sayen wata mai araha don wayata a wani shago, fentinta yana ƙyalli kamar ƙarfe, ashe roba ce aka shafa wa ruwan azurfa. Sati biyu ta yi kan ya tsage. Waya ce, ta tsira da tsagewar gilashi. Da kyamarar kulob ce, da yanzu wani labarin ake yi.

Sai tsawo. Ka zuge sandar gaba ɗaya, ka ɗora kyamara, ka ga ko ramin leƙawa ya zo daidai idonka kana tsaye sosai. Mutum mai tsawon santimita 165, idonsa yana wajen 155 daga ƙasa, kyamarar kanta kuma tana ƙara kusan 8 zuwa 10. Ke nan sanda mai santimita 145 zuwa 150 ta ishe shi. Tunda kulob ɗinmu akwai dogaye akwai gajeru, gara mu nemi mai kai wa 160. Doguwa ana iya rage ta, gajeriya kuwa sai dai ka yini a duƙe, ka koma gida da ciwon baya.

Gaɓoɓi ma abin dubawa ne. Akwai mai gaɓa uku, huɗu, biyar, har shida. Mai gaɓa da yawa tana naɗewa ta shige jakar makaranta, sai dai gaɓar ƙarshe takan zama siririya kamar tsinken tsire, kuma kowace mahaɗa wuri ne da zai iya yin sako-sako. A ganina huɗu ta fi dacewa da mu. Makullan gaɓoɓin iri biyu ne, na ɓallawa da na murɗawa. Na ɓallawa ya fi sauri, kuma da ido za ka gane ko a kulle yake. Idan ya saki, galibi akwai ɗan noti da ake ɗaurewa. Na murɗawa ba ya kama riga, amma ƙurar hunturu irin ta Katsina in ta shiga zarensa, sai ka ji yana ƙara kamar ana niƙa, dole a kwance a goge. Gwajin da ya fi kowane bayani shi ne wannan: ka zuge ta, ka kulle, ka dafa samanta ka danna da ƙarfi. In ta zame ko da kaɗan, ajiye masa kayansa. A kwali sukan rubuta nauyin da take ɗauka. Ka nemi wadda aka rubuta ninki biyu ko uku na nauyin kayanka, don masu rubutun ba sa rowar lamba.

Batun alminiyam da kabon faiba ba sai mun daɗe a kai ba. Kabon ya fi rashin nauyi, ya kuma fi tsada nesa ba kusa ba. Alminiyam ya ishe mu, sai dai yana ɗaukar zafi a rana, don haka a duba akwai soso a mariƙa da igiyar saƙalawa a hannu. Ƙasanta kuma ya kasance da roba mai kauri, don ita ke fara cinyewa. Akwai masu 'yan ƙananan ƙafafu uku a gindi. Suna da amfani ga bidiyo, amma suna yaudarar mutum ya saki sanda ya juya baya.

Sunayen da za ka ji su ne Manfrotto ta Italiya, wadda ta fi ƙarfin aljihunmu in sabuwa ce, sai Benro da Sirui da Yunteng na ƙasar Sin. Yunteng ce aka fi gani a shagunan kayan waya saboda arha. In ba a samu a nan gari ba, masu zuwa Kano suna iya dubawa a titin Beirut ko kasuwar waya ta Farm Centre. Ana samu a Jumia da Konga ma, amma ni na fi son abin da zan danna da hannuna kafin in biya. Ta hannu mai suna, in makullanta lafiya lau, ta fi sabuwa marar suna. A kula kuma kada a ba ka sandar selfi a ce monofod ce. Waccan don waya aka yi ta, ba ta kai ƙasa. Masu ɗauka da waya su ƙara da ɗan maƙalin waya mai ramin rubu'in inci, sai ya hau kowace sanda.

Kafin kuɗi su cika, akwai dabarar da ba ta cin komai. Ka samo gajeren noti na rubu'in inci wurin masu sayar da noti, ka ɗaura masa igiya marar talewa, ka murɗa shi a ƙasan kyamara a hankali, kada ka matse. Ka taka bakin igiyar, ka ja kyamara sama har igiyar ta miƙe. Mun gwada a hasumiyar Gobarau da yamma, bambancin ya fito fili. Nauyin dai yana nan a hannunka.

Ranar Alhamis bayan tashi za mu zauna a yanke shawara. Muna da ziyara gidan tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Ɗakunan can ba su da haske sosai, in sun ba mu izinin ɗauka, a nan za mu fara gwada ta. Malamin da ke da sanda a gida, don Allah ya ara mana ita ranar mu ga yadda take. 'Yan kulob da ba su biya karo-karon wannan zangon ba kuma, ma'aji yana jira.

Daga Sakataren Kulob ɗin 'Yan Jarida