Kafin a yi wa katin memori fomatin a Zuru

Tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, da kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa ga Windows 10, duk ciwon da ya kama kwamfuta sai a ɗora wa wannan sanarwa. A Zuru, inda ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da masu shagunan buga takardu suka fi dogara da kwamfutoci na hannu, maganar ta samu gindin zama. Mutum ya shiga Microsoft Store zai sauke manhaja, aiki ya tsaya, wasu lambobi su bayyana, sai na kusa da shi ya ce ai wa'adi ne ya cika, Turawa sun rufe tsofaffin na'urori, sai dai a sayi sabuwa ko a kai a goge komai.

Wannan ba gaskiya ba ne. Abin da ya ƙare a wannan rana shi ne sabunta tsaro na kyauta da kamfanin ke aikowa. Kwamfutar tana nan da ranta, kantin manhajojin ma yana aiki, kuma an buɗe wani shiri na ƙarin wa'adin tsaro har zuwa 13 ga Oktoba, 2026, ga wanda ya yi rajista.

Sau da yawa matsalar ta fi haka sauƙi nesa ba kusa ba. Idan lambar da ta fito ita ce 0x80073D0D, abin da na'urar ke faɗa shi ne ba ta ga ma'ajiyar da aka umarce ta ta zuba manhajar a ciki ba. Ƙananan kwamfutocin nan masu araha da yawa sun zo da ma'ajiyar gigabait 32 kacal, wadda Windows kaɗai ke cinye fiye da rabinta. Dabarar da masu gyara ke yi ita ce su cusa katin memori a gefe, su saita cewa sababbin manhajoji su riƙa sauka can. Ranar da katin ya goce, ko ƙurar hunturu ta shiga ramin, ko wani ya zare shi ya tura waƙa bai mayar ba, sai kantin ya zama kamar ɗan dako da aka aika da kaya shagon da ke kulle. Maganin bai wuce a kashe na'urar, a zare katin a share bakinsa a mayar, a kunna ba. In bai dawo ba, a shiga saituna, sashen ma'ajiya, wurin zaɓar inda sababbin manhajoji za su sauka, a mayar da shi C:. Aikin minti biyar ne.

Waya ma haka. Tun fitowar Android 6.0 a 2015, wasu wayoyi na ba da damar a haɗe katin memori da cikin waya su zama abu guda. Idan katin ya mutu ko aka cire shi, Play Store sai ya yi ta kokawa, manhajoji su dushe a fuskar waya. Amma akwai abin da ba a faɗa wa mai waya: katin da aka haɗe haka kulle shi ake yi, makullin kuma yana cikin wayar. Duk wanda ya yi wa wayar filashin ya jefar da makullin, abin da ke cikin katin ya tafi ke nan, ko an sa shi a wata na'ura ba zai buɗu ba.

A nan ne damuwata take. Da zarar an kai na'ura wurin gyara, kalma ta farko da ke fitowa ita ce "sai an yi fomatin". Ita ce hanya mafi sauri, kuma mai gyara yana da layin mutane a gabansa. Ba a tsayawa a tambayi mai kayan me ke ciki. A ƙasar Zuru kuwa abin da ke cikin waɗannan 'yan katuna ya wuce finafinan Kannywood da waƙoƙin biki. A cikinsu ne ake samun bidiyon bikin Uhola na shekarun baya, da waƙoƙin 'yan golmo a gonar surukai, da kokawar samari, da muryar dattijon da jikansa ya ɗauka yana jero sunayen kakanni da harshen C'lela, da wa'azi da waƙoƙin coci da aka yi da harshen gida. Wasu daga cikin masu muryoyin nan sun riga mu gidan gaskiya. Kwafi ɗaya ne ya rage, a kati mai girman farce, a aljihun wani yaro.

Masarautar Zuru mai ƙananan hukumomi huɗu, Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba, tana cikin yankunan da suka fi tarin harsuna a Arewa maso Yamma. Ga Dakarkari, ga Fakkawa, ga Dukawa, ga Kambari, ga Acifawa, kowa da bakinsa, kuma Hausa na ci gaba da mamaye bakin yara. Abin da aka rubuta a kansu bai taka kara ya karya ba idan aka auna da abin da ke bakin tsofaffi. P. G. Harris, jami'in mulkin mallaka, ya wallafa bayanansa kan Dakarkari a 1938. Carl Hoffmann ya yi nazarin nahawun harshensu a 1967. Stuart McGill ya zauna da Acifawa a yankin Sakaba, ya ɗauki harshensu na Cicipu, ya kammala digirinsa na uku a makarantar SOAS ta Landan a 2009, kuma abin da ya ɗauka yana ajiye a ma'adanar harsunan da ke fuskantar ɓacewa, wadda yanzu take Berlin ta Jamus. Ke nan muryar da baƙo ya ɗauka tana da gida mai tsaro a Turai, wadda ɗan gari ya ɗauka kuma tana jiran ranar da Play Store zai ƙi sauke manhaja a share ta. Ni a wurina wannan abin kunya ne, kuma ba laifin baƙon ba ne.

Mun taɓa yin irin wannan asara. Zamanin kaset, an ɗauki makaɗa da mawaƙa da bukukuwa ba iyaka, zafi da ƙura suka cinye zaren. Aka koma faifan CD, ya karce. Da kati ya zo, sai aka ɗauka an samu abin da ba ya lalacewa, alhali ƙwayoyin ajiyarsa suna da iyakar rubutu da gogewa, kuma ɗaukewar wuta a tsakiyar tura abu na iya rikita shi. Kati abin ɗaukar kaya ne daga nan zuwa can, ba a yi shi domin ajiyar shekara ashirin ba.

Sai kuma jabu. Akwai katin da aka rubuta masa gigabait 64 ko 128, na'ura ma ta nuna haka, amma ainihin cikinsa bai kai ko kusa ba, domin an yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara ta faɗi ƙarya. Yana aiki lafiya har sai ya cika na gaskiya, daga nan sabon abu ya riƙa hawa kan tsoho, hotuna su ƙi buɗewa, manhaja ta tsaya a rabi. Akwai manhajar kyauta mai suna H2testw da ke cika kati ta karanta shi ta fallasa ƙaryar. Mai son ɗora manhajoji a kati kuma ya nemi mai alamar A1 ko A2, waɗanda aka tsara domin wannan aiki. Hukumar SON da ke kula da ingancin kaya da hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye su sani cewa aikinsu bai ƙare a Legas da Kano ba. Wanda ya sayar da buhun dawa a kasuwar Ribah ya sayi kati, shi ma ɗan ƙasa ne.

Amma ba sai mun jira Abuja ba. Masu gyara su mayar da shi ƙa'ida a tsakaninsu: ba fomatin, ba filashin, sai an kwashe abin da ke ciki an nuna wa mai shi. Jami'ar da aka kafa a garin nan a 2020 tana da ɗakin karatu da masana kwamfuta. Ta haɗa kai da Majalisar Masarautar Zuru a ware tebur ɗaya da manyan faifan ajiya biyu, duk mai tsohon bidiyon Uhola ko muryar kakansa ya kawo a kwafa, a rubuta sunan gari da shekara da harshe, a mayar masa da katinsa. Kuɗin wannan bai kai na rumfunan biki ɗaya ba.

Kai kuma mai karatu, in akwai muryar wani dattijo a wayarka, kada ka kwana yau ba ka kwafe ta a wuri na biyu ba.