Daga Aliero zuwa Maiyama: Yadda Ake Lissafin Gusawa

Motar da ta ɗauko albasa daga Aliero za ta Maiyama, Jega take fara sauka, sannan ta kama babbar hanyar nan da ta taso daga Sakkwato ta nufi Koko da Yawuri. In ka tambayi direban nisan tafiyar, abin da mitar motarsa ta nuna zai gaya maka, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai malamin fiziks a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, yana da wata tambayar daban: daga inda motar ta tashi zuwa inda ta tsaya, a miƙe, nawa ta gusa, kuma ta wace fuska?

Amsar wannan tambaya ita ake kira gusawa. Nisa adadi ne kawai. Gusawa kuwa sai an faɗi girmanta an kuma faɗi inda ta dosa, kuma duk abin da yake da waɗannan siffofi biyu bekta ake ce masa. Shi ya sa ba a tara bekta yadda ake tara kuɗi.

Aliero tana arewa maso gabas da Jega, Maiyama kuma tana kudu da Jega. Don sauƙin lissafi, mu ɗauka zangon farko kilomita 10 ne a miƙe, ya karkata daga yamma zuwa kudu da digiri 37, na biyu kuma kilomita 15 ne kudu sak. Mitar mota za ta ce 25. To amma hanyar ta yi gwiwa a Jega, ba yadda za a yi gusawar ta kai haka.

Dabarar ita ce a raba kowane zango gida biyu: abin da ya ci ta layin gabas da yamma, da abin da ya ci ta layin kudu da arewa. Wanda ya yi kilomita 10 a karkace ya yi yamma, ya kuma yi kudu a lokaci guda, sai mu tambaya nawa-nawa. Kason yamma shi ne 10 sau cos 37°, wato 10 sau 0.8, ya ba da 8. Kason kudu shi ne 10 sau sin 37°, wato 10 sau 0.6, ya ba da 6. Zango na biyu ba shi da wahala: yamma sifili, kudu 15.

Daga nan kowane kaso da ɗan'uwansa ake tara shi, kamar yadda ɗan kasuwa ba ya haɗa buhunan albasa da na shinkafa a lissafi ɗaya. Yamma: 8 da sifili, 8 ke nan. Kudu: 6 da 15, 21 ke nan. Duk tafiyar ta koma layi biyu da suka haɗu a kusurwa mai digiri 90, gusawar kuma ita ce dogon gefen wannan alwatika. A nan ake buƙatar ƙa'idar da ake jingina wa Fisagoras na Girka, ko da yake mutanen Babila sun san ta fiye da shekara 1,000 kafin a haife shi. 8 sau 8 ya ba da 64, 21 sau 21 ya ba da 441, jimla 505. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da 505 ta kusa 22.5. Gusawar ke nan, kilomita 22.5.

Da yawan ɗalibai a nan suke ajiye biro, a nan kuma suke zubar da maki a jarrabawar WAEC da NECO, domin amsar ba ta cika ba sai da fuska. A raba 8 da 21, a nemi kusurwar da tan ɗinta ya yi daidai da sakamakon, za a samu kusan digiri 21. Motar ta gusa kilomita 22.5, kudu maso yamma, da karkatar digiri 21 daga kudu.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne alama. A 1637 René Descartes ya fitar da tsarinsa na bayyana wuri da lambobi, kuma al'adar da aka saba yanzu ita ce gabas da arewa su ɗauki alamar tarawa, yamma da kudu su ɗauki ta ɗebewa. Kason namu ashe −8 da −21 ne. Amfanin wannan yana fitowa ne in direban ya sauke kaya ya juyo Jega: ya yi arewa 15, sai −21 da +15 su bar −6. Mitarsa tana nuna 40, gusawarsa kuwa ta ragu zuwa 10. Ya ƙarasa Aliero da dare, ya ƙona man kilomita 50, gusawa sifili.

A ganina zane ya fi haddar sin da cos muhimmanci, don wanda ya auna kusurwarsa daga kudu maimakon yamma, to su biyun musanya wuri za su yi, kuma takarda ce kaɗai za ta nuna masa hakan. Da irin wannan lissafi matuƙan jiragen ruwa suka daɗe suna gano inda suke a tsakiyar teku, suna tara zango-zango daga gudu da fuska da lokaci. Ko zangon uku ne ko talatin, layuka biyun nan dai ake cikawa.