Rainbow: Rundunar sirrin da babu ita, da tambayar da ta bar wa gwamnatoci

A shekarar 1998 marubucin nan na Amurka, Tom Clancy, ya fitar da littafinsa mai suna Rainbow Six, inda ya ƙirƙiro wata rundunar sirri ta yaƙi da ta'addanci wadda ta tattaro zaratan sojoji daga ƙasashen ƙawance daban-daban. Ya ajiye mata mazauni a garin Hereford na Ingila, cibiyar rundunar SAS ta gaskiya, ya kuma ɗora tsohon jami'in CIA, John Clark, a kan shugabancinta. Babu wannan runduna a duniya, amma sunanta ya zagaye ko'ina, musamman bayan da kamfanin Ubisoft ya saki wasan kwamfuta na Rainbow Six Siege a watan Disambar 2015.

Clancy bai gina labarin a kan iska ba. Jamus ta Yamma ta kafa GSG 9 a 1972 bayan kisan 'yan wasan Isra'ila a gasar Olamfik ta Munich, Amurka ta kafa Delta a 1977, sannan a watan Mayun 1980 duniya ta kalli dakarun SAS ta talabijin suna kutsawa ofishin jakadancin Iran da ke Landan. Daga waɗannan ya ɗebo horo da makamai da dabaru. Abin da ya rage wa nauyi shi ne wanda ma'aikacin gwamnati ya fi kowa sani: wa ya sa hannu, wa aka sanar, kuma wa zai amsa tambaya idan aiki ya ɓaci.

A cikin littafin, dakarun Rainbow sun kuɓutar da mutane a wani banki a Switzerland, da Austria, da Sifaniya, kowane lokaci bisa gayyatar ƙasar da abin ya faru. A ƙarshe kuwa, da suka cimma masu shirin yaɗa ƙwayar cuta a gasar Olamfik ta Sydney, Clark bai miƙa su ga kotu ba. Ya bar su tsirara a dajin Brazil, labari ya ƙare, babu kwamitin bincike, babu majalisar da ta gayyace shi. Mai karatu yakan ji sanyi a ransa a nan, kuma a nan ɗin ne littafin ya fi nisa da gaskiya.

Najeriya ta ga yadda irin wannan aiki yake a zahiri. Ranar 8 ga Maris, 2012, jami'an tsaron ƙasar nan tare da dakarun musamman na Birtaniya sun kai samame unguwar Mabera a Sakkwato domin ceto wasu injiniyoyi biyu, ɗan Birtaniya da ɗan Italiya, da aka sace a Birnin Kebbi a watan Mayun 2011. Dukansu biyu sun rasa rayukansu. Washegari takaddama ta ɓarke tsakanin Landan da Rum, domin Italiya ta ce ba a sanar da ita ba sai da aka fara samamen, shugabanta Giorgio Napolitano kuma ya nemi bayani a bainar jama'a. A ƙarshen Oktoban 2020, sojojin musamman na Amurka sun ceto wani Ba'amurke a arewacin Najeriya, kwanaki kaɗan bayan an sace shi kusa da Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar. Wannan karon an yi nasara, Amurka kuma ta gode wa gwamnatin Najeriya bisa haɗin kan da ta bayar.